Yadda za ka gane abin da ke cikin katifarka, ka zaɓi ta asali idan lokacin canji ya yi

Shekaru kaɗan baya na sayi katifar soso irin wadda ake matsewa a naɗe ta cikin leda. Ina yanke ledar ta fara kumbura tana huci, kafin minti goma ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki wari kamar an buɗe sabon gwangwanin fenti. A daren na shimfiɗa zanin gado, na rufe tagogi na kwanta. Kwana uku a jere ina tashi da kai kamar an ɗaure min shi da igiya, maƙogwaro a bushe, idanu na yaji, ni kuma ina ta ɗora laifin kan gajiyar aiki. Sai da tafiya ta kama ni na kwana biyu a wani wuri na tashi garau, na dawo ciwon kan ya dawo, sannan na gane inda gizo ke saƙar.

Ka yi lissafi da kanka. Awa 8 kowane dare, shekara 10, awa 29,200 ke nan fuskarka na manne da abu ɗaya kana shaƙar duk abin da yake fitarwa. Babu wani kaya a gidanka da hancinka ya kai kusanci da shi kamar katifa, amma mutum zai yi sati yana binciken waya kafin ya saya, katifa kuwa sai ya danna ta da hannu sau biyu ya ce a ɗaure. Ba na so kowa ya firgita ya jefar da katifarsa gobe. So nake ka san abin da ke cikinta hawa-hawa, domin shi kaɗai ne zai raba ka da yaudarar tambari.

Mataki na farko: karanta ɗan ƙyallen da aka ɗinka a gefenta

Ɗaga zanin gado ka duba wajen kai ko wajen ƙafa, yawancin katifu suna da lebul ɗin da ke faɗin kayan ciki da ranar da aka ƙera. Idan ka ga polyurethane, ko memory foam, ko visco-elastic, to soson roba ne na masana'anta. Asalinsa daga ɗanyen man fetur yake. Wani masanin sinadarai na Jamus, Otto Bayer, shi da abokan aikinsa suka ƙirƙiro sinadarin a 1937. Ana haɗa ruwa iri biyu ne, ɗaya poliyol ɗaya aisosayanet, wanda aka fi amfani da shi a soso mai laushi ana ce masa TDI, a ƙara ruwa kaɗan, sai haɗin ya yi kumfa ya tashi ya sandare. Shi kuma memori fom, wato soson nan da kake dannawa sawun hannunka ya zauna na ɗan lokaci, an samar da shi a 1966 a wani aikin hukumar sararin samaniyar Amurka NASA don kujerun jirgin sama, daga baya ya shigo ɗakin kwana.

Bari in yi adalci a nan. TDI mugun abu ne ga huhu, yana jawo asma, amma ma'aikatan masana'antar da ke shaƙarsa ɗanye su ne cikin haɗarinsa. A cikin soson da aka gama ya riga ya haɗe da ɗan'uwansa ya zama wani abu. Don haka in ka ji ana cewa katifar soso guba ce tsagwaronta, an wuce gona da iri. Matsalar tana wurare sanannu, su za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na biyu: san wuraren da matsalar take

Warin sabunta shi ne na farko. Ragowar sinadaran haɗi da gam ɗin da aka manne hawa-hawan soso da shi suna tashi su shiga iska, a taƙaice ana ce musu VOC. Sun fi ƙarfi a kwanakin farko, suna raguwa a hankali cikin makonni. Ga mai lafiya yawanci abin ya tsaya a ciwon kai, yajin ido, ƙaiƙayin maƙogwaro ko tashin zuciya. Ga mai asma ko mai yawan atishawa kuwa yana iya tayar da ciwon. A 2019 masu bincike a jami'ar Technion ta Isra'ila sun gwada katifun soso iri 8 a yanayin da ya yi kama da na mai barci, suka gano zafin jikin mutum shi ne babban abin da ke ƙara fitar turirin. Ma'ana lokacin da ka kwanta ka ɗumama ta, lokacin ne take ƙara sakin abin, kuma daidai inda hancinka yake. Yawancin abin da suka auna yana ƙasa da matakin haɗari, amma wasu irin su fomaldihaid da benzin sun kusanci matakin da ke sa a damu idan jarirai da ƙananan yara ne a kai. Waɗannan biyun kuwa suna cikin jerin abubuwan da hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta tabbatar suna jawo ciwon idan an daɗe ana shaƙarsu da yawa.

Na biyu, kuma wanda ya fi damuna, sinadaran hana kama wuta. Soso abu ne mai cin wuta sosai, shi ya sa a 1975 jihar Kalifoniya ta kafa ƙa'idar cewa soson kayan ɗaki sai ya jure ƙaramin harshen wuta na daƙiƙa 12, kamfanoni suka koma zuba sinadarai a ciki, kuma da yake kasuwar jihar babba ce abin ya bazu ko'ina. Wanda ya fi shahara shi ne dangin PBDE. Illarsa ba ya haɗewa da soson, zama kawai yake yi a ciki, sai ya riƙa fita a hankali yana bin ƙurar ɗaki, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Yana taruwa a kitsen jiki, an same shi har cikin nonon uwa, kuma bincike ya danganta shi da rikita aikin tayirod da ke maƙogwaro da kuma taɓa ci gaban ƙwaƙwalwar yara. Tarayyar Turai ta haramta manyan nau'o'insa biyu a 2004, a Amurka ma aka daina ƙera su a ƙarshen shekarar, sannan a 2009 aka sa su cikin Yarjejeniyar Stockholm ta sinadaran da ba sa ruɓewa. Sai dai wasu daga abin da aka maye gurbinsa da su ma ba kanwar lasa ba ne, misali TDCPP, wanda Kalifoniya ta sa a jerin masu iya jawo ciwon daji a 2011. Abin lura a nan, babu wari. Katifa na iya zama ba ta da ɗoyin komai amma ƙurarta na ɗauke da abin.

Na uku zaren gilashi. Daga 2007 dokar Amurka ta wajabta katifa ta jure gwajin buɗaɗɗiyar wuta na minti 30, sai masu ƙera katifu masu araha da yawa suka koma sanya wa soson wata 'yar riga ta ciki da aka saƙa da zaren gilashi siriri. Muddin yana rufe ba ya cutarwa. Ranar da ka zuge zif ka cire rigar waje don ka wanke, ko rigar ta yage, ranar zaren zai watsu cikin ɗaki, ya shiga tufafi da labule da fanka, ya jawo ƙaiƙayi da ƙuraje da tari, kuma fitar da shi aiki ne ja. Abin ya kai Kalifoniya ta yi dokar hana shi a katifu daga farkon 2027.

Sai rigar leda ta PVC da ake yi wa wasu katifu don kada fitsari ya ratsa, musamman na jarirai. Ana tausasa irin wannan ledar da sinadaran falet, waɗanda su ma suna taɓa homon na jiki, shi ya sa Amurka ta taƙaita su a kayan yara tun 2008.

Akwai kuma zafi. Memori fom yana rungume jiki yana riƙe ɗumi, ka tashi tsakar dare sharkaf da zufa, zufar ta shige ciki ta zama danshi, danshi ya gayyato fumfuna da ƙananan ƙwarin ƙura da ido ba ya gani. Wannan ba sinadari ba ne amma barcin da ake katsewa kullum shi ma ciwo ne.

Mataki na uku: gwada katifar da kake kai yanzu

Da dare ka kashe fitila, ka haska tocilar waya a kwance daidai saman katifar da ƙasan gado da kan durowa. In ka ga wasu siraran zare masu ƙyalli kamar gashin gilashi, tsaya nan, kar ka kakkaɓe, kar ka share da tsintsiya, kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Sa takunkumi da safar hannu, ka rufe katifar cikin rigar da ke zagaye ta gaba ɗaya da zif, ka goge wurare da jiƙaƙƙen tsumma, ka bi tufafi da salatif mai faɗi, in akwai injin zuƙe ƙura mai matatar HEPA, wato matatar da ke kama ƙura mai laushi ƙwarai, shi ne daidai. Kuma ko ba ka ga komai ba, idan lebul ya ce kar a cire riga, ko ya ambaci glass fiber, to wallahi kar ka taɓa zif ɗin nan, ko da an sa shi a wurin kamar yana kiranka.

Daga nan duba shekarunta. Soson da aka yi kafin 2005 shi ne ya fi yiwuwar ɗauke da PBDE. Ɗaga kusurwa ka leƙa, in ka ga soson ya koma ruwan ɗorawa mai duhu, yana marmashewa yana zubar da gari a kan katakon gado, ta gama aiki, wannan garin shi kake shaƙa. Haka in ta yi rami a tsakiya, ka ɗora doguwar sanda a kai ka ga tazarar da ta kai yatsu biyu. Gwaji na ƙarshe jikinka ne zai ba ka amsa: kana tashi da toshewar hanci ko ciwon baya wanda ke wucewa bayan awa ɗaya? Ka fi jin daɗin barci a duk inda ka kwana ban da gadonka?

Mataki na huɗu: idan ba halin canji yanzu

Ba kowa ke da ikon sayen sabuwa yau ba, kuma akwai abin yi. Buɗe taga kullum iska ta ratsa ɗakin. Da safe kar ka yi saurin gyara gado, yaye bargo ka bar katifar ta sha iska ko na rabin awa ne zufar dare ta bushe. Sa mata riga mai saƙa matsattsiya ta auduga wadda ke rufe ta duka. Wanke zanin gado duk sati da ruwa mai zafin digiri 60, shi ke kashe ƙwarin ƙura, ruwan sanyi ba ya kashe su duka. Goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara mai tayar da ƙura, kuma yara su wanke hannu kafin su kai komai baki, wannan ɗan abin yana rage sinadaran ƙura da ke shiga cikinsu fiye da yadda ake zato. In ka samu dama ka ɗora siririyar shimfiɗar ulu ko ta lateks na asali, wato soson ruwan bishiyar roba, mai kaurin santimita 5 zuwa 7 a kai, za ta rage zafi ta kuma nisanta fuskarka da soson, duk da ba za ta toshe turiri gaba ɗaya ba. Filo ma ka fara da shi, shi ya fi kusa da hanci kuma shi ya fi sauƙin canzawa.

Mataki na biyar: san kayan asali ɗaya-ɗaya

Lateks na asali shi ne ruwan danƙon bishiyar roba. Asalin bishiyar dajin Amazon ne, yau kuma Tailan da Indonisiya da Biyetnam suna cikin manyan masu nomanta, Siri Lanka da Indiya kuma sun yi suna wajen sarrafa shi ya zama soson katifa. Ana tsaga ɓawon bishiyar farin ruwa ya ɗiga cikin kofi, a kaɗa shi ya yi kumfa, a zuba a mazubi a gasa. Hanyoyi biyu ne. Ta Dunlop, wadda aka faro a 1929 a Ingila, tana ba da soso mai nauyi da tauri, ya dace da ƙasan katifa. Ta Talalay ana zuƙe iska a daskarar da kumfar kafin a gasa, sai ya fito da laushi iri ɗaya ko'ina, ya dace da saman. Za ka gane lateks da ƙananan ramuka a jere a jikinsa, da nauyi, mutum ɗaya ba ya ɗaga babbar katifarsa cikin sauƙi, kuma kana ɗaga hannu yake dawowa nan take ba ya riƙe sawu. Yana daɗewa fiye da soson roba nesa ba kusa ba. Amma fa a kula, akwai lateks na masana'anta da ake yi da sinadaran fetur, ana ce masa SBR, akwai kuma gauraye, duk ana kiransu lateks a talla. Sannan ko na asalin sai an sa masa ɗan farar wuta da sinadarin zink kafin ya gasu ya tsaya, don haka duk wanda ya ce maka nasa ɗari bisa ɗari ruwan bishiya ne babu ɗigon komai, ƙarin gishiri ya yi. Wanda safar hannu ta roba ko balan-balan ke sa wa borin jini ko kumburi ya ga likita kafin ya kusanci lateks, ko ya bar shi kawai.

Ulu na gashin tumaki shi ne abin da na fi ƙauna a wannan harka, domin shi ke magance maganar gobara ba tare da sinadari ba. Ba ya kama wuta sai zafi ya kai wajen digiri 570 zuwa 600, ba ya narkewa ya ɗiga, ƙonewa yake ya yi baƙi ya mutu da kansa. Shi ya sa masu katifun oganik, wato na kayan da aka noma ba tare da takin zamani ko maganin ƙwari na masana'anta ba, ke naɗe ciki da shi su ci gwajin wuta. Yana kuma shan danshi har kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da ka ji shi a jiƙe ba, sai ya sake shi cikin iska, don haka kar sunan ulu ya sa ka zaci zafi.

Auduga tana numfashi, tana da sanyi a jiki, amma ita kaɗai tana danƙarewa ta yi tauri da ƙulli-ƙulli, sai ana juya ta ana shanya ta, kuma tana riƙe danshi. A wasu katifun ana barbaɗa mata sinadarin borik don wuta, sai ka tambaya. Audugar rimi ta fi ta rashin nauyi kuma ba ta shan ruwa, sai dai tana cin wuta da sauri, ta fi dacewa da filo ko a haɗa ta da rufin ulu. Zaren ɓawon kwakwa ana danne shi da ruwan lateks ya zama faranti mai tauri da iska ke ratsawa, yana da kyau ga mai son gado mai ƙarfi.

Kar ka raina sifirin. Ƙarfe ne, ba ya fitar da turirin komai, iska na yawo a tsakaninsa. Katifa mai sifirin a ciki da lateks ko ulu da auduga a sama zaɓi ne mai kyau ƙwarai, sau da yawa ma ta fi ta lateks zalla sauƙi. Abin dubawa kawai shi ne me aka shimfiɗa a kan sifirin ɗin da abin da aka zagaye gefensa da shi, don nan ake ɓoye soson roba.

Abu ɗaya kar a ruɗe ka da shi: kuɗin cizo ba ruwansa da oganik, jininka yake nema, zai zauna a kowace irin katifa.

Mataki na shida: nemi satifiket, kar ka yarda da kalma

Nan ne ake cin kasuwar mutane. Kalmomi irin su natural, eco, green, babu dokar da ta ɗaure su a mafi yawan wurare, kowa na iya bugawa da hoton ganye. Soson da ake cewa na waken soya ne ko na tsirrai, soson roba ne da aka maye ɗan kaso na poliyol ɗinsa da man tsiro, saura duk fetur. Yadin da ake cewa na gora ne, yawanci reyon ne, an narkar da gorar da sinadarai masu ƙarfi an ja zare. Haka mai gawayi, mai koren shayi, mai gel, duk ado ne a kan soso ɗaya. A 2013 hukumar kare masu saye ta Amurka FTC ta ɗauki mataki kan kamfanonin katifa 3 saboda iƙirarin cewa kayansu ba su fitar da VOC alhali ba su da hujja.

Ga shaidun da ke da ma'ana. GOLS na lateks ne, yana nufin aƙalla kashi 95 cikin ɗari lateks ne na gonar oganik. GOTS na auduga da ulu ne, idan ya ce organic to kashi 95 ne, idan ya ce made with organic to aƙalla kashi 70, kuma yana bin kayan tun daga gona har masana'anta. OEKO-TEX Standard 100 ba shaidar oganik ba ce, gwajin sinadarai masu cutarwa ne a kan kayan da aka gama, ajinsa na ɗaya shi ne mafi tsanani, na kayan jarirai. Greenguard Gold da eco-INSTITUT na birnin Kolon a Jamus suna auna yawan turirin da kaya ke fitarwa. CertiPUR kuwa na soson roba ne, yana nufin ba a sa PBDE da TDCPP da fomaldihaid da dalma ba, kuma na Amurka ya iyakance VOC ƙasa da 0.5 cikin miliyan. In dole sai soso za ka saya to mai wannan shaidar ya fi, amma ka sani har yanzu soson fetur ne, kuma shaidar soson kaɗai ta duba, ba ta ce komai a kan riga ko zaren gilashi ba.

Ganin tambari bai isa ba. Nemi lambar satifiket, ka duba sunan wa ke kai da ranar ƙarewarsa, GOTS da OEKO-TEX suna da shafin da kowa zai iya shigar da lamba ya tabbatar. Dabarar da na fi gani ita ce a samu auduga oganik a rigar waje kawai, siririn yadi, sai a kira katifar duka oganik alhali ciki soso ne tun daga sama har ƙasa.

Mataki na bakwai: yi wa mai sayarwa tambayoyi, a rubuce in zai yiwu

Ce masa ya lissafa maka kowane hawa daga sama zuwa ƙasa da kaurinsa da abin da aka yi shi da shi. Tambaye shi da me katifar ke jure wuta, ulu ne, ko reyon mai silika, ko zaren gilashi, ko sinadari aka zuba. Tambayi lateks ɗin kashi nawa ne na bishiya. Tambayi yadda aka haɗa hawa-hawan, gam ne ko ɗinki, in gam ne mai ruwa ne ko mai kaushin wari, mafi kyau dai wadda aka ɗinke da maɓallai ko wadda ake jera hawan a sake cikin riga mai zif, domin ita in sama ya gaji sai ka canza shi kaɗai. Sai garanti, ramin santimita nawa suke ɗauka a matsayin lalacewa, kuma kwana nawa kake da shi na mayarwa. Mai kaya na gari amsa na bakinsa. Wanda ya fara kame-kame yana ce maka sirrin kamfani ne, ka yi masa godiya ka kama gabanka.

Mataki na takwas: kwanta a kai

Oganik ɗin da ta karya maka baya ba ta yi maka rana ba. Mutane na ɗauka katifa mai tauri kamar dutse ita ce maganin ciwon baya, amma wani bincike da aka yi a Sifen kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya, aka buga a mujallar Lancet a 2003, ya nuna masu matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi bayan kwana 90. Kwanta minti 10 zuwa 15 yadda ka saba barci. In a rigingine kake, zura tafin hannu ƙarƙashin ƙugunka, in ya shige ya bar fili ta yi tauri, in ya ƙi shiga sam ta yi laushi. In a gefe kake, wani ya tsaya bayanka ya duba ko ƙashin bayanka ya miƙe daga wuya zuwa ƙugu, kafaɗa da kwankwaso su ɗan nutse.

Mataki na tara: katifar jariri daban take

Ke uwar jariri, a nan tauri ya riga komai. Sabon haihuwa yana barcin awa 14 zuwa 17 a rana, huhunsa ƙarami, don haka in akwai katifa ɗaya a gida da ta cancanci a fara canzawa, tasa ce. Amma ko ta oganik ce dole ta zama mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, wadda in kin danna take dawowa nan take, ta cika gadon ba tazarar da ta wuce yatsu biyu a gefe. Kar a ɗora masa shimfiɗar ulu mai laushi ko fatar tunkiya ko filo don ana cewa na asali ne, laushi shi ke toshe numfashi. A kwantar da shi a rigingine. Za ki iya cin karo da maganar cewa gas daga katifa ne ke jawo mutuwar jarirai ta farat ɗaya cikin barci, har ana cewa a naɗe katifa da leda, wani kwamitin masana a Birtaniya ya bi diddigin wannan ya fitar da rahoto a 1998 cewa babu hujja, kuma sakakkiyar leda kusa da fuskar jariri ita kanta haɗari ce. Don kare fitsari, nemi abin shimfiɗa mai ɗamewa wanda ba PVC ba.

Mataki na goma: ranar da ta iso gida

Kowace iri ce, cire ledar a wuri mai iska, ka jingina ta a ɗakin da ba a kwana, tagogi a buɗe, fanka na kaɗawa, kwana 3 zuwa 7 in soso ce, sai ka kai hanci kusa ba ka ji kaushi ba. Lateks yana da ɗan ƙanshin roba mai sauƙi, ulu kuma wani lokaci yana ɗan warin tunkiya musamman in akwai danshi, duka suna wucewa. Kar ka shanya lateks tsirara a rana, hasken rana yana busar da shi ya riƙa marmashewa, inuwa mai iska yake so. Ta auduga ce ke son rana. Ɗora ta a kan gado mai sandunan katako da tazararsu ba ta wuce santimita 7 ba, don iska ta ratsa ta ƙasa, in ka shimfiɗa ta a daɓe kai tsaye to ka riƙa ɗaga ta kana jinginawa duk bayan 'yan kwanaki in ba haka ba za ka tarar da fumfuna baƙi a ƙasanta. Juya kai zuwa ƙafa duk wata 3. In abu ya zube, danne shi da busasshen tawul, ka goge da ɗan ruwan sabulu, kar ka jiƙa ta, ka tabbatar ta bushe ƙarau kafin ka mayar da zanin gado.

Tsohuwar kuma, don Allah kar ka cinna mata wuta. Soson roba in yana ci yana fitar da baƙin hayaƙi mai ɗauke da kabon monoksaid da sayanaid, shaƙa kaɗan na iya kayar da mutum. In ta fara marmashewa ko tana zubar da zaren gilashi kar ka ba wa wani ya kai wa 'ya'yansa. Naɗe ta da leda mai kauri tun tana kan gado, ka liƙe bakin da salatif kafin ka ja ta ta cikin gida, ka miƙa wa masu kwasar shara ko masu sake sarrafa kaya, ƙarfen sifirin ɗin ma ana narkar da shi a sake amfani. Bayan ta fita ka goge katakon gado da ƙasansa da jiƙaƙƙen tsumma sau biyu, ka bar wurin ya bushe, sannan ka shigo da sabuwar.